Makubar Inna a Kan Simintin Bature

Ba zan taɓa mantawa da ƙasan ɗakin nan ba, ko da kuwa na so in manta. Malaminmu na ajin manya ya ce kowa ya rubuta wani abu da ya taɓa samunsa. Wani ya rubuta yadda ya kori kura daga garke, wani yadda ya haye gulbi da jaki lokacin ambaliya. Ni ban kori kome ba, ban haye kome ba. Ɗaki aka ba ni in kankare, kuma ga yadda aka yi.

A shekarar nan damina ta juya mana baya a Rara. Gero ya fid da kai, ruwa ya ɗauke, abin da muka ɗaure bai cika gindin rumbu ba. Maza duk suka shiga shirin cin rani, kowa na gyaran takalmi zai nufi Kurmi. Ni ma haka na saba yi. Amma a wannan karon Inna, mahaifiyata, tana kwance da wani tari mai tone ƙirji, tana tofar da abu a tsumma tana ɓoyewa ƙarƙashin tabarma don kada in gani. Na gani. Ni kaɗai ne namijin da ya rage mata, kuma na san a raina in na tafi ba zan tarar da ita ba.

Sai labari ya zo cewa za a mai da wani tsohon barikin Turawa, a bakin hanyar da ta nufi Wurno, ya zama ɗakin shan magani. Helma Bawa, shugaban leburori, yana neman hannu. Ya kuma faɗa da bakinsa cewa wanda ya gyara ƙasan babban ɗakin ya yi kyau, shi za a riƙe ya zama mai shara da ɗebo ruwa na dindindin. Daga can zuwa gida tafiyar hantsi ce. Ka kwana kusa da uwarka, ka ci abincinka, ga kuma magani a bakin ƙofa. Tun asuba na je na tsuguna a gaban Helma, ni da taubashina Labbo, wanda Allah bai ba shi kome da yawa ba sai baki.

Helma ya buɗe mana ɗakin. Ƙasan na siminti ne, amma sai an rantse maka za ka yarda. Turawan da suka zauna a da sun manna wata shimfiɗa da kwalta, shimfiɗar ta ruɓe an yaye ta, kwaltar ta zauna baƙi ƙirin kamar ƙanzon tukunya. Inda babu kwalta kuma akwai wani jan mai da kukunsu suka yi shekaru suna shafawa, wani kan wani, har ya yi kauri kamar fatar bijimi. Kan wannan duka jemagu sun yi nasu aikin.

Labbo ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce, "Helma, ni dai ba ni aikin rufi. Wanga bawa nawa ka ba shi ƙasa, shi da ƙasa sun saba."

Helma ya dube ni ya ce, "Ka ga duk wanga baƙi da wanga ja? Ban son in ga ko ɗigo. Ka kankare shi sarai. Wata sabuwar shimfiɗa za a kawo daga Sakkwato."

Na ce to. Ban tambayi wace irin shimfiɗa ba, ban tambayi yadda ake sa ta ba. (Lebura ba ya tambaya. In ka tambaya sai a ce kai mai gardama ne, mai gardama kuwa ba a riƙe shi ya yi shara.) Ni a kaina shimfiɗa tabarma ce: a gyara ɗaki, a warware ta, a zauna.

Zan faɗi yadda ake wannan aiki, don in Allah ya jarrabi wani da shi ya san abin da ke gabansa. Kwalta in ta yi sanyi tauri gare ta, cizal yana tsalle a kanta. Sai ka zuba garwashi a kasko, ka ɗora a wurin har ta yi laushi, ka janye kaskon ka bi ta da ruwan tsohuwar fartanya tun ba ta huce ba. In ka yi jinkiri ta sake daskarewa, in ka yi gaggawa ta manne maka a yatsu ta tafi da fata. Abin da ya saura a cikin ƙofofin siminti sai kananzir da tsumma. Jan man nan kuma ba ya jin wuta, narkewa yake ya ƙara bazuwa, sai ka watsa masa yashi ka bi shi da ɗan dutsen niƙa, gaba da baya, kamar mai niƙan tsaba. Bayan nan ruwan toka mai zafi, a wanke, a bari ya bushe, a duba, a ga inda ya rage, a koma.

Duk wannan a durƙushe ake yinsa. Gwiwoyina suka saɓule, na ɗaura musu tsumma, tsumman ya manne da ciwon. Hayaƙin kwalta ya cika ɗakin don tagogin ƙanana ne. In na yi kaki sai in ga baƙi. Da na koma gida da yamma, ni ina tari a zaure Inna tana tari a ɗaki, Labbo ya ce gidanmu ya koma gidan kwaɗi. Ban yi fushi ba. Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya shaide ni da wannan, kuma a lokacin ina ɗaukarsa abin alfahari.

A hankali baƙi ya tafi, ja ya tafi. Ranar da na wanke kusurwar ƙarshe na miƙe na dubi aikina. Simintin ya fito fari fat, garje-garje, duk sawun cizal da ƙananan ramuka, in ka shafa sai gari ya biyo hannunka. Da kwaltarsa ma ya fi kyan gani. Helma ya tafi Goronyo duba wani aiki, babu wanda zan nuna wa. Na ce a raina, in Baturen likita ya shigo ya ga wannan, ai cewa zai yi na ɓata masa ɗaki.

Da wannan damuwa na koma gida. Ya kamata in gaya muku ko wace ce Inna. A ƙuruciyarta babu macen da ta kai ta iya daɓe a yankinmu. In za a yi wa amarya ɗaki, daga Sisawa ake aiko mata da jaki. Ita ke gaba, mata na bin ta da madaɓai suna waƙa, in an gama bugu ta kawo makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa ya yi duhu, ta yayyafa, ta goge da dutse mai santsi har ƙasa ta yi ƙyalli. Daɓenta yakan fi auren da aka yi shi dominsa daɗewa. Ni kuma ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yabona a gabana ba. "Kai wanga" take ce mini tun ina rarrafe.

Na tsuguna bakin ƙofarta na ba ta labarin simintin. Ta ce, "Kai wanga, mi kaka nuhi? Haka za ka bar ma mutane ɗaki tsirara?"

Na ce, "Inna, kankarewa anka ce in yi."

Ta ce, "Wanda yac ce ka wanke ƙwarya ai ba shi ce maka ka kihe ta, kai ka san wannan. Ina ka taɓa ganin an shimhiɗa tabarma bisa ƙasar da ba ta sha makuba ba? Gari za ta ta yi, ta cinye tabarmar. Tashi ka ɗauko min buhun da ke rataye bayan rumbu."

Ɓawon ɗorawa ne da ta ɓoye tun bara, ta ce na ɗakin jikarta ne in ta isa aure. Matar da ba ta iya kai kanta bayan gida sai an riƙe ta, ita ce ta sa aka zaunar da ita a tsakar gida, ta jiƙa, ta motsa, ta ɗanɗana da harshe, ta ce a ƙara kwana. Da ya yi yadda take so ta ɗauko dutsenta na guga daga cikin tukunyar kayanta, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ta kuma ba ni curin man kaɗe, ta ce in makuba ta bushe in bi da shi sama-sama, shi ne sirrin ƙyallinta da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. A rayuwata ban taɓa jin Inna ta kusa ce mini tana sona kamar ranar nan ba.

Na ɗauki tulu biyu a jaki na koma bariki. Na cike ramuka da jan yumɓu, na shayar da simintin makuba har ya ƙi sha, na goge, na sake shayarwa, na bi da man kaɗe. (Sama-sama ta ce. Ni da nake son a riƙe ni, na ce in kaɗan yana sa ƙyalli, ai mai yawa sai ya fi.) Labbo ya sauko daga kan rufi ya same ni a durƙushe da dutsen guga, ya riƙe baki.

"La ilaha! Yaushe anka ɗaura maka zane ban sani ba? In kira maka sauran matan su yi maka amshi?"

Na ce, "Yi ta dariya. Ran da Bature yag ga ɗakin ga, kai za ka zo kana roƙona in sa baki a ɗauke ka."

Gaskiya ɗakin ya yi kyau. Ya yi duhu-duhu mai sheƙi kamar bayan doki, in ka tsaya a ƙofa kana ganin taga a cikinsa. Na gaya wa duk wanda na sani. A kasuwa na faɗa, a masallaci na faɗa, har masu kawo ciyawa na riƙa jawowa su leƙa.

Ana gobe za a buɗe wurin, mota ta iso da Helma da wani kafinta daga Sakkwato, da shimfiɗar. Ta roba ce, koriya, a naɗe, sai mutum huɗu suka sauke ta. Kafintan a gajiye yake, motarsu ta kwana a hanya, rana kuma ta karkata. Ya dubi ƙasan ya ce, "An wanke?" Na ce, "Sarai, har an gyara." Ya ce madalla. Sai na ga ya buɗe wata garwa, ya fara shafa wani danƙo mai wari a kan aikina. Na tambayi Labbo a hankali mene ne wannan. Ya ce gam ne, da shi ake manne shimfiɗar ta kama siminti. Na san mai da danƙo ba sa shiri, duk wanda ya taɓa shafa mai a hannu kafin ya taɓa ƙaro ya san haka. Na buɗe baki, na dubi Helma, na dubi kafinta yana zufa, na rufe. Na ce wa kaina gam ɗin Turawa ai ba irin namu ba ne.

Washegari aka cika. Wakilin hakimi ya zo da mutanensa, Baturen likita ya zo da tafintansa, mata kuma sun yi layi a inuwar bango da yara marasa lafiya, wasu tun daga Giyawa suka kwana a hanya. Na sa rigata ta salla, na tsaya daidai ƙofa inda za a gan ni. Aka yi jawabi a waje har rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi, ɗakin ya zama kamar tanda.

Manya suka shiga. Da farko lafiya. Sai na ga shimfiɗar ta ɗan kumbura a tsakiya, kamar akwai ɓera a ƙarƙashi. Wani dogari ya taka wurin, kumburin ya gudu ya fito a wani gefe. Daga nan malamin asibiti, wani saurayi mai farin kaya da aka turo ya riƙe wurin, ya shigo da babban faranti cike da kwalaben magani zai jera a kan kanta a gaban Bature. Ya yi taku uku. A na huɗu shimfiɗar ta tafi da shi gaba ɗaya, kamar an ja tabarma. Ƙafafunsa suka yi sama, farantin ya yi nasa wuri. Bature ya yunƙura zai tare shi, shi ma ƙasa ta gudu daga ƙarƙashinsa, ya zauna daɓas, hularsa ta gangara har bakin ƙafata.

Ba wanda ya yi dariya. Ƙarar kwalabe kawai, sannan warin magani. Ja da fari da rawaya suna gudu a kan koriyar roba, malamin asibiti yana riƙe da hannunsa jini na zuba.

Kafinta ya durƙusa, ya kama gefen shimfiɗar, ya ɗaga. Ta taso ba gardama, ko ƙara ba ta yi ba. Ya shafa yatsa a ƙasa, ya kai hanci, ya sake shinshinawa kamar bai yarda ba.

"Man kaɗe!" ya ce. "Wallahi man kaɗe na! Wa yas shafa ma siminti mai?"

Da ina da wayo da na bi ta bayan jama'a na shiga dawa. Amma rabin mutanen da ke wurin ni da kaina na ba su labari. Kawuna suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Na tsuguna, hular Bature a hannuna, ban san lokacin da na ɗauke ta ba.

Tafinta ya ce Bature na tambaya me na sa. To, a nan ne na ƙarasa kaina. Maimakon in ce na tuba in yi shiru, sai na shiga bayani. Na ce ba mai kaɗai ba ne, ranka ya daɗe, akwai makuba a ƙasa, mai kyau ce, ta bara, an jiƙa ta yadda ya kamata. Tafinta bai san yadda zai juya makuba da Turanci ba, Bature bai gane ba, sai aka ce in nuna. Na durƙusa a gaban wakilin hakimi, cikin rigar salla, cikin ruwan magani da fasassun kwalabe, na fid da dutsen Inna daga aljihu (na zo da shi ne don in an yaba in nuna), na shiga goga ƙasa gaba da baya.

Wata tsohuwa da ke leƙe ta taga ta ce da ƙarfi, "Ayyururui! Namiji da daɓe! Wa ag gwanar, ku ba ta goro!"

Sai dariyar da aka danne ta fashe, daga taga ta bi layi har bakin hanya. Ba ta daɗe ba. Tafinta ya fita ya ce wa mata babu magani yau, babu gobe, sai an sake aikowa daga Sakkwato. Na ga suna goya yaransu suna juyawa cikin wannan rana. Ɗaya ta tsaya ta dube ni, ta wuce. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Bature bai daka mini tsawa ba. Ya karɓi hularsa, ya kaɗe, ya yi wa Helma magana biyu, ya shiga mota. Helma ne ya ce, "Kai, don Allah, wa yas sa ka? Siminti garje-garje shi aka so, shi gam ka kamawa. Yadda kab bar shi da hwari, shi na daidai! Ka gama aiki, kaz zauna ka ɓata shi da hannunka." Ya ce in kankare abin da na shafa, da gam ɗin da ke kansa, in na gama kada ya ƙara ganina. Makubar Inna kuwa ta shiga siminti ta zauna. Kwaltar Turawa ba ta ba ni rabin wahalar da ta ba ni ba. Ina kankara ina jin haushi, ina kuma jin wani abu kamar alfahari, don tsohuwar ba ta yi ƙarya ba, aikinta ba ya fita.

A ranar da abin ya faru, da yamma, na kasa shiga wurin Inna. Labbo ne ya ja ni. Wannan mai bakin da na tabbata zai kashe ni da gori, sai ya tsuguna ya ce, "Inna, albishirinki. Bature yac ce tun da yaz zo ƙasar ga bai taɓa taka ɗaki mai santsin wanga ba."

Ta dube shi, ta dubi rigata da ta rine da magani, ta ce, "Ya hwaɗi ke nan."

Ta juyo gare ni.

Ta ce, "Kai wanga, sama-sama nac ce maka." Sai ta fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa har sai da muka riƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce a ba ni tuwo, na wuni ban ci ba.

Aikin shara wani mutumin Rabah aka ba. Rumbu ya ƙare, babu abin da za a sa a tukunya, na bi sahun waɗanda suka riga ni zuwa Kurmi. Da zan fita na tsuguna bakin ƙofar Inna, ta ce in sauka lafiya, fuskarta na kallon bango. Ina can ina dakon buhuna wani ɗan garinmu da ya iso daga baya ya same ni a bakin kasuwa, ya cire hula, ya ce in yi haƙuri. An yi kwanaki da binne ta. Na ajiye buhun, na zauna a kansa, har mai kayan ya zo yana faɗa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma na saye shi da tsada. Yanzu ko rami aka ce in haƙa, sai na tambaya me za a sa a ciki, wa zai sa, da me zai sa. In aka ce aiki ya ƙare, nakan sa hannuwana a aljihu in ja da baya, don na gane daga nan ne gwanintata take fara ɓarna. Masu ba da aiki suna cewa na cika tambaya kamar alƙali, wasu har sun daina kirana. Ba kome. Yunwar mai tambaya na san iyakarta.